Kwana Biyu Ba Sa Isa a Yankari

Unguwar Dogo Nini,
Potiskum, Jihar Yobe.
9 ga Nuwamba, 1997.

Zuwa ga ƙanena Hussain,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bara'atu da yara, ya kuma tsare ku a wannan gari na Ikko. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana fama da ƙafarta kamar kullum, amma tana fita har bakin zaure. An gama girbin gero, damina ta yi albarka, shanun da ke ruga wurin Bappa Ari ma sun yi kyau.

Takardarka ta iso ta hannun direban da ya kai shanu. Na ga ka ce za ka kawo iyali gida hutun Disamba, kana so ka kai yara wurin shaƙatawa kafin ku koma, kana tambayata tsakanin Bagauda da Jos da Yankari wanne ya fi, kuma kwana nawa ya kamata ku yi. Ka ce ka yi jinkiri kafin ka tambaye ni don kada ka fama mini ciwo. Kada ka damu. Ciwon yana nan ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, kuma gara ka amfana da abin da na sani.

Bagauda wuri ne na hutun manya. Akwai tafki da ɗakuna da iska mai daɗi, amma yaro zai gama ganin komai kafin la'asar, don haka kwana ɗaya ya ishe ku. Jos kuwa akwai lilo da wuraren wasa, ga namun daji a cikin shinge kusa da ido, yaro ba zai dawo bai ga zaki ba. Kwana biyu sun isa, sai dai ku tafi da rigunan sanyi, don yaran Ikko ba su san irin sanyin Jos ba. Yankari dabam take. Can dabba ba ta jiran kowa, kai ne za ka jira ta. Ana fita da mota safe da yamma a zaga daji, wata rana a ga giwa, wata rana ko sawunta ba za a gani ba.

Ban taɓa ba ka labarin tafiyarmu ba, yau zan ba ka. Ka san Ikhlas, Allah ya jiƙanta, tun tana aji uku ta ga hoton giwa a littafin makaranta ta hana ni sakat. Da ta zo ta ɗaya a aji biyar sai na cika alkawari. Na so mu je Jos don ya fi sauƙi, ita ta ce ba ta son giwar da aka tsare, ta daji take so. Aminatu ta goyi bayan 'yarta, ta ce in dai za a je a yi kwana huɗu. Na amsa. Muka tashi ranar Lahadi cikin Disamba, shekara biyu ke nan, ni da Aminatu da Ikhlas da ƙanwarta Murjanatu.

Hussain, ban taɓa ganin yarinyar nan cikin farin ciki irin na ranakun nan ba. Ta shiga ruwan Wikki, wanda yake da ɗumi kamar an dafa, ana ganin yashin ƙasansa, har yatsunta suka yi yaushi uwarta na kira tana ƙi. Biri ya fizge mata burodi daga hannu, maimakon ta yi kuka sai ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa. Mun fita daji sau uku. Mun ga ɓauna da gwanki da gadu, giwa kuwa sai kashinta da rassan da ta karya. Mai yi mana jagora ya ce garken yana kusa da kogi, in muka ƙara kwana ɗaya ko biyu da wuya mu rasa shi.

Ranar Talata da safe na ce a haɗa kaya. Laraba kasuwar shanu ce, kuma zuciyata ta riga ta koma kara. Aminatu ta tuna mini cewa kwana huɗu muka yi magana, na ce mata giwa ba za ta gudu ba, baɗi ma rana ce. Ikhlas ba ta yi gardama ba. Ta dai tambaye ni ko da gaske za mu dawo, na ce da gaske. Har muka fita ƙofar dajin fuskarta na jikin gilashin mota. Watanni uku bayan nan sanƙarau ya shigo gari, sauran labarin ka sani, kai ka zo gaisuwa.

Na san kwanan mutum ba ya wuce abin da aka rubuta masa, kuma ko mun yi wata guda a can ba zai ƙara mata rana ɗaya ba. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma kwana biyun nan a hannuna suke, ni na hana ta. Yau ko za a yanka ni ba zan iya tuna shanun da na sayar a Larabar nan ba.

Saboda haka in ka zaɓi Yankari, kada ku yi ƙasa da kwana huɗu, kuma ka bar aikinka a Ikko kafin ka taso. In ba za ka samu kwana huɗu ba, ku je Jos.

Akwai kuma roƙo. Jiya na karanta wa Aminatu takardarka. Ka san tun rasuwar ba ta yarda Murjanatu ta kwana ko da gidan Inna. Sai ta ce in rubuta maka cewa in za ku je, ku biyo ta nan ku ɗauki Murjanatu, za ta haɗa mata kaya da kanta. Na tambaye ta ko mu ma mu bi ku, ta ce ita ba za ta iya ganin ruwan nan ba tukuna. Ni ma ban matsa ba, don ban tabbata zan iya ba. In kun dawo, ka bar yarinyar ta ba mu labari da bakinta, kada ka riga ta.

Ka gaishe da Bara'atu, da Mu'az da ƙannensa. Ka gai da Mallam Muhammadu Sani maƙwabcinka, ka yi masa godiyar addu'ar da ya aiko. Inna tana sa muku albarka, Aminatu da Murjanatu suna gaisuwa. Ku sa Ikhlas a addu'a. Allah ya kawo ku lafiya.

Ni ne yayanka,
Jalo