Waya Mai Ruwan Ƙasa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar ɗorawa a tsakar rana, farar audugar da ta buɗe bayan doguwar damina, Malam Awaisu.

Assalamu alaikum. Kafin ka ci gaba da karatu, don girman Allah ka ajiye takardar nan ka je ka zare filogin sabon teburin aikinka daga bango. Ka zare? To, yanzu zan iya numfashi in faɗi abin da na ɓoye maka kwana uku.

Ka tuna ranar Talata da muka zo shagonka ni da Yaya Barakatu karɓar kujera 'yar tsugunno ta Inna? Ka nuna mana teburin, fuskarka kamar gonar masara da ta sha ruwan safe. Katakon maɗaci, ƙafafu huɗu masu kauri, ka goge samansa har yana ɗaukar ido, ka yanke gurbi uku a goshinsa domin soket, don kada waya ta ƙara harɗe maka ƙafa kana aiki. Wata biyu kana tara katakon nan ɗaya bayan ɗaya! Sai ka feɗe wayar da ka sayo a Funtuwa, jijiya uku suka fito: shuɗiya, mai ruwan ƙasa, da mai ratsin kore da rawaya. Ka ce kai itace ka sani, amma ga 'yar boko da ta gama jarrabawar fita sakandare, ta faɗa maka inda kowace za ta shiga.

Ya hasken zuciyata, ban sani ba. Wallahi ban sani ba! A tsohon littafinmu ja da baƙa da kore aka zana. Amma ka dube ni da irin dubanka, Yaya Barakatu tana murmushi a gefe, sai harshena ya ƙi ɗaukar kalmomi uku kacal. Na ce a raina, ai wadda ake kira wayar ƙasa ba za ta wuce mai ruwan ƙasa ba, suna ya bi suna. Haka na rubuta maka a bayan kwalin ƙusa da kyakkyawan rubutuna, har da jan layi. Ka ninke ka sa a aljihun gaba kamar laya.

Washegari labari ya iso gidanmu cewa ka jona injin huda katako, wuta ta fizge ka ta maka ka da bango, tafin hannunka ya yi bororo. Hannun da ke lallashin katako har ya yi laushin auduga! Aka ce kai da maƙwabta kun ɗora laifin a kan tsohon injin, kuma in an dawo da wutar da aka ɗauke tun ranar, za ka ari injin maƙwabcinka Malam Mudi ka sake gwadawa.

Ba laifin injin ba ne. Jiya na je wurin malaminmu na Fizik, Malam Mannir, na yi tambayar kamar ta littafi ce. Ya ce mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta, shuɗiya ta mayar da ita, mai ratsin kore da rawaya ita ce ta ƙasa. Ya ce duk wanda ya sa mai ruwan ƙasa a gurbin ta ƙasa ya mayar da jikin ƙarfen injin tarkon mutuwa. Ashe ni na ɗana maka tarko da birona, don kawai kada ka ga gejin ilimina?

Wace irin kunya ce wannan, da ta hana ni cewa ban sani ba, amma ba ta hana ni wasa da ranka ba? Ina zan kai fuskata? Zuciyata ta zama rumbun da gara ta cinye ta ciki, a waje lafiya, a taɓa ya rufta. Kai ne ruwan farko da ƙasa ke yi wa ƙamshi, ni kuwa ƙanƙarar da ta faɗo wa dawa tana gab da nuna.

Ina roƙonka abu biyu. Na farko, kada ka gyara da kanka, kada kuma ka yarda da abin da na rubuta a nan ma. Ka kira Malam Hussaini mai aikin wuta na bakin tasha ya kwance soket ukun, ya gwada kowanne. In ya tambayi wanda ya koya maka, ka faɗi sunana. Gara Malumfashi duka ta yi min dariya da a ce hannunka ne bai iya ba.

Na biyu shi ne gafara, kuma ita ba ni da bakin matsa maka a kanta. In ka daina ɗaga kai idan na wuce, ban ga laifinka ba. Ni dai ka rayu, ko da ba nawa ba. Amma zuciyata ba ta da wani maigida bayanka, yau da gobe, har ranar da za a miƙe ni a makwancina.

Taka mai sunkuyar da kai,
Suwaiba