Madarar Wake a Ƙwaryar Nene

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau a lakwal, makarantarmu, ana wasan gudu na zo ta ƙarshe. Wata ta ce buhun gero ya fito da ƙafa. Duk aji suka yi dariya, har ni ma na yi, ban san dalili ba. A gida kuwa kakata Nene kullum cewa take na rame. To wa ke da gaskiya?

Laraba, 9 ga Oktoba

Hamsatu ɗiyar Kawu Tahiru ta nuna mini rejim, wato tsarin cin abinci na rage ƙiba, a wayarta. Da Faransanci aka rubuta, rabi kawai na gane. Ta ce ba mai, ba sukari, ba nonon saniya, sai "madarar da ba ta dabba ba". Na ce akwai madarar da ba ta dabba ba? Ta ce, "Ke dai baƙauya ce, Yabawa." Wai ta waken suya. Na ɗauka awara kawai ake yi da shi.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Kawu ya kawo Kyalla daga Alakoss, ita da ɗan maraƙinta. Saniyata ce, jikar karsanar da Nene ta ba ni ranar sunana, wannan ce haihuwarta ta fari. An ɗaure ta bayan gida. Nene ta tatsa da kanta, ta miƙo mini ƙwarya da hannu biyu, ta ce, "Sha, mai saniya. Naki ne."

Sai yanzu da na fara rejim! Na kai baki kamar ina sha, na zagaya bayan ɗaki na ba ƙanwata Kadija.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na jiƙa waken, na kai inji, na tace da tsohon ɗankwali, na dafa. Fara ce tas. Amma ƙarni! Na toshe hanci na sha. Hamsatu ta ce in ƙara dabino. Dabino ba sukari ba ne? Ta ce shi daban ne. Daban ta yaya, ba ta faɗa ba.

Sauran na rasa inda zan ɓoye, sai na zuba a ƙwarya na rufe da faifai, na jera cikin ƙoren Nene. Wa zai bambanta fari da fari?

Talata, 15 ga Oktoba

Yunwa. Siket ɗina yana nan yadda yake. Kadija ce kumatunta suka fara sheƙi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na dawo lakwal na tarar ƙwaryata wayam. Ashe Nene ta juye ta cikin nonon Kyalla da take tarawa, idonta ba ya gani sosai. Ta kaɗa har hannunta ya gaji, man da ya fito bai cika ludayi ba, sai gudaji-gudaji da wani wari. Ta shinshina, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin nono ya juya haka ba, baki ne ya kama saniyar.

Ina tsaye a wurin. Na sulale na shige ɗaki.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Nene ta hana kowa shan nonon, har ta raba maraƙin da uwarsa, yana ta kuka. Ta ɗaura wa Kyalla laya a ƙaho. Kawu ya duba hantsar ya ce bai ga komai ba, kuma abin da ba a gani shi ya fi tsoro. Ya ce zai kai ta kasuwar Gidigir tun ba ta lalace ba.

Nene ta ce, "Saniyar yarinya ce, Tahiru." Ya ce, "To Inna, gara a saya mata awaki da ta mutu a hannunmu."

Na je wurin Hamsatu. Ta ce in na faɗa, kar in sa sunanta. Kuma wai wata a wayar ta ce waken suya ma yana sa ƙiba. To me nake ta sha?

Asabar, 19 ga Oktoba

Da safe Kawu ya zo da igiya. Sai na ɗauko ragowar madarar waken da na dafa jiya na ajiye gaban Nene. Ta shinshina, ta ɗago kai.

"Wannan wace saniya ce?"

Na ce wake ne, Nene. Ta ce, "Wake? Wa ya tatsa shi?" Kawu ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Nene ba ta yi ba. Ta tambaye ni ina nonon da take ba ni kullum. Kadija ta ruga waje da gudu.

Na faɗa mata maganar buhu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Da kin ce ba ki so, ai da na ji." Ta tashi ta kwance maraƙin. Ta kwashe ƙorenta duka ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi in taya ta.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kyalla tana nan. Amma Nene ta daina miƙo mini ƙwarya. Tana tatsa, ta wuce ta gabana, ta ba Kadija. Ai abin da nake so ke nan. To me ya sa abin yake damuna?

Laraba, 23 ga Oktoba

Ban jiƙa wake ba, inji ya yi nisa. Rejim ɗin yana nan, ban bari ba, Hamsatu ta ce za ta nemo wani.

Na riga Nene zuwa bayan gida, don in riƙe mata maraƙin kawai. Ta zauna ta tatsa. Da ta gama sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce bayanta na ciwo, in kai ciki.

Hanyar ba ta da nisa. Da ɗumi nonon yake. Da ta biyo ni ɗaki ta leƙa ƙwaryar, ta dubi leɓena, ta ce gobe in zo da wuri ta koya mini tatsa.