Ƙyauren Gonar Idwal

Nantlas,
mako na biyu na Oktoba.

Zuwa ga aminina Emlyn,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana nan lafiya, kai da 'yarka Nesta da maigidanta da jikoki. Yaya ƙugun naka tun bayan aikin da aka yi maka? Allah ya ƙara sauƙi. Matata Eirlys tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko iskar bakin teku ta karɓe ka.

Bayan haka, ka nemi in ba ka labarin gudun fanfalakinmu na bana, kasancewar shi ne na farko da aka yi ba ka nan tun da ni da kai muka kafa shi. Zan ba ka shi a tsare, domin idan na biye wa zuciyata, abin da zan rubuta ba zai karantu ba.

An yi gudun ranar Asabar. Sabon kwamiti, wanda Osian Vaughan yake shugabanta, ya karɓi mutane ninkin waɗanda muka saba karɓa, akasarinsu baƙi daga manyan birane. Gari ya wayi garau, sanyi daidai gudu, ganyen dajin bakin tafki ya yi ja. A fadamar bayan gada wani baƙo ya bar takalminsa ɗaya cikin taɓo, ya tsaya yana zagin kwarin nan kamar shi ya gayyato shi. Meirion mai gyaran mota ya fita da ƙarfi kamar kullum, kafin hawa na biyu jijiyar ƙafa ta ɗaure shi kamar kullum, na wuce shi yana rungume da itace yana rantsuwar daga bana ya daina. Ni ina can cikin 'yan baya, ni da gwiwoyina muna ta shawara. Da muka hau tudun Idwal, manomin da yake ba mu hanya ta gonarsa, inda ake hango tafki ta hagu da teku ta dama, na ga baƙi sun manta da agogunansu sun tsaya suna kallo. A lokacin na ji daɗi, na ce da ma Emlyn yana nan.

A can sama ne na iske ƙyauren da ya raba filin raguna da hawan da tumaki suke kiwo a buɗe, an tokare shi da babban dutse. Ba sai na gaya maka ma'anar wannan ba. Tun muna yara aka koya mana: ƙyauren da ka tarar a rufe, rufe shi bayanka, wanda ka tarar a tokare da dutse, mai gona ne ya tokare, kada ka taɓa. Ban ga rago ko ɗaya a fili ba, na ɗauka Idwal ya sauya musu wuri, na wuce. Duk ɗan kwarin nan da ya bi ta wurin haka ya yi. Gwenda Probert, wadda ta yi ritaya daga raba wasiƙu kuma take zuwa ta ƙarshe kowace shekara, ita ma haka ta yi.

Ashe ragunan suna bayan tudu. Da safiyar Lahadi Idwal ya tarar da su cikin tumaki, makonni kafin lokacin da ya tsara. Ma'ana, maimakon haihuwar Afrilu, lokacin da ciyawa ta tofo, wasu za su haihu a wutsiyar Fabrairu, cikin dusar ƙanƙara.

Ya zo gidana bayan an tashi daga coci. Bai zauna ba, bai karɓi shayin Eirlys ba. Ya ce, "Cledwyn, da wa na yi musabaha a bakin ƙyauren nan? Da kai ne ko da kwamiti?"

Na ce da ni ne.

Ya ce, "To kai nake gaya wa. An gama bi ta ƙasata."

Ka san in babu tudun Idwal babu gudunmu. Abin da ya rage shi ne titin kwalta, kuma ba wanda zai baro garinsu don ya yi gudu a bayan motocin madara.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Kwamiti ya zauna ba tare da an kira ni ba, suka yanke cewa laifin na Gwenda ne, tunda ita ce ta wuce daga ƙarshe. Za su je su ba Idwal haƙuri da sunanta, sannan su kafa doka cewa duk wanda ya yi nawa za a cire shi daga hanya. Mace mai shekara saba'in, wadda ta ɗauki jakar wasiƙu ta hau kowane tudu a kwarin nan tun kafin a haifi rabinsu, ita suka zaɓa su miƙa. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Cledwyn Pugh


Nantlas,
ƙarshen Nuwamba.

Zuwa ga aminina Emlyn,

Gaisuwa mai tarin yawa. Amsarka ta iso, na yi murna da jin ka ajiye sanda ɗaya saura ɗaya. Kada ka yi gaggawa. Ka gai da Nesta da yara. Mu nan ruwa ne ba dare ba rana, amma muna lafiya.

Ka tambaye ni tambayar da ya kamata kwamiti ya fara yi: wa ya ɗora dutsen? Yanzu na sani, kuma daga ɗakin girkina amsar ta fito. Eirlys ce take zuba farfesu a zauren gari ranar gudun. Da ta ji ina ta maimaita zancen dutse, sai ta tuna cewa baƙuwar da ta zo ta ɗaya cikin mata ta yabi shiri a gabanta, ta ce bana ba ta tsaya kokawa da sakatar ƙyauren sama ba, domin ta iske shugaban kwamiti da kansa yana tokare shi.

Na kai maganar taron ƙungiya. Zaure ya cika, har Gwenda ta zo, ita da ta yi makonni ba ta shiga kantin gari ba saboda kallon da ake yi mata. Na miƙe na tambayi Osian a gaban kowa, cikin ladabi, ko shi ne. Ya yi ja har kunne. Ya ce ya ga mutane sun yi yawa, ya ji tsoron a cunkushe a ƙyaure wani ya ji ciwo, kuma ya yi niyyar komawa ya cire, hidima ta sha kansa. Sannan ya ƙara da abin da har yau yake yi mini amo a kunne: "Baba Cledwyn, dutse ne fa kawai."

Emlyn, kakan yaron nan makiyayi ne, a wannan kwarin aka binne shi. Amma shi a birni ya tashi, ya dawo mana da takalma masu tsada da kyakkyawar niyya. Ban zarge shi da rashin sani ba, domin kowa da abin da bai sani ba. Abin da ban yafe ba shi ne, ya zauna a kan kujera ana ɗora wa Gwenda kaya, ya san inda hannunsa ya taɓa, ya yi shiru. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na tsohuwa.

Gwenda ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, na daɗe ina zuwa ta ƙarshe, amma sai bana na ji cewa na ƙarshe shi yake gadon ɓarnar na farko. Da an gaya mini, da na yi sauri." Aka yi dariya, shi bai yi ba.

An janye sunanta, an soke dokar cire masu nawa. Ka ce an gama ke nan? Ina. Wasu daga cikin sababbin 'yan ƙungiya sun fito da wata dabara. Sun ce akwai tsohuwar hanyar ƙafa da ta ratsa gefen tudun, wai idan aka kai ƙara za a iya tilasta wa Idwal ya bari a wuce. Meirion ya ce musu su fara zuwa su faɗa wa karnukan Idwal hukuncin kotun. Ni na ce musu, hanyar nan ba da doka muka same ta ba, roƙo muka yi aka ba mu, kuma abin da aka ba ka aro ba ka kai mai shi ƙara don ya ce ya fasa. Suka ce zamani ya sauya. Na ce tumaki ba su ji labari ba.

Washegari na hau wurin Idwal na gaya masa gaskiyar yadda aka yi. Ya saurare ni yana gyaran shinge, bai ɗago ba. Ya ce shi bai nemi suna ba, sunan wani ba zai ɗumama ɗan tunkiya a Fabrairu ba.

Ban san abin da zan ƙara ba. Alkawari kaya ne, kuma nawa ne ya faɗi.

Naka,
Cledwyn


Nantlas,
tsakiyar Maris.

Zuwa ga aminina Emlyn,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana ƙara samun ƙarfi, kai da iyali baki ɗaya. Ka yafe mini jinkiri, hannuwana ne ba su iya riƙe alƙalami ba kwanakin baya. Eirlys tana miƙo gaisuwa.

Haihuwar ta zo yadda aka ji tsoro, ta kuma haɗu da dusar ƙanƙara mafi nauyi da muka gani a 'yan shekarun nan. Rumfar Idwal ba ta ɗaukar rabin tumakin da suka yi nauyi, don bai taɓa buƙatar ta ɗauka ba. Na sanar a ƙungiya cewa ana neman hannu. Cikin dukan mutanen da suka tsaya a tudun nan suna ɗaukar hoto, waɗanda suka zo ba su cika mota biyu ba. Masu maganar kotu ban ga ƙeyar ko ɗaya ba. Gwenda ta zo, Meirion ya zo, ni ma na je da abin da ya rage na gwiwoyina. Muka yi ta jan ciyawa, muna kafa shingayen wucin gadi, muna ɗauko jariran tumaki daga gindin katanga cikin rigunanmu. Wasu mun same su da rai. Da yawa mun same su sun sandare, uwar tana tsaye a kansu tana kuka. Ban ƙirga ba, Idwal ma bai faɗa ba, amma na ga tulin da ke bayan rumfa.

Osian ya zo bayan an kwana biyu ana aikin. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya yi masa maraba. Idwal ya dube shi, ya miƙa masa bokiti, shi ke nan. Ya yi aiki har ƙarshe, ba zan hana shi wannan shaidar ba. Ran nan na same shi a bayan rumfa yana kallon tulin nan, ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya bari, ba ni ya kamata ya gaya wa ba. Ko ya je wurin Gwenda, ban sani ba. Ita dai ta ce mini ya iya ɗaukar bokiti, saura ya koyi ɗaukar laifi.

Da ƙanƙara ta narke na sake tambayar Idwal batun hanya, sau ɗaya, ba zan kuma ba. Wannan karon ya zaunar da ni, matarsa ta kawo shayi. Ya ce, "Ba na fushi da kai, Cledwyn. Amma da can in ka ce 'mu', na san su wa kake nufi. Yanzu kai ma ba ka sani ba." Ya ce bana babu hanya. Game da baɗi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na yi fushi, kuma har yanzu ina cikinsa, amma ba da shi ba. Gaskiya ya faɗa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kai ne shugaban ƙungiyar nan na dindindin, maganarka tana da nauyin da tawa ta rasa. Ina so ka sa hannu tare da ni a kan wannan, a karanta wa kowa a taron Afrilu.

Muna roƙon dukan 'yan ƙungiya, tsofaffi da sababbi, da baƙinmu masu zuwa daga nesa, su haƙura da gudun bana gaba ɗaya. Kada a mayar da shi kan kwalta don a ce an yi. Muna roƙon a janye zancen ƙara, kada kowa ya taka tudun nan ko ya aibata mai shi, a baki ko a rubuce. A makon da muka saba yin gudun ne Idwal yake fara tattaro tumakinsa daga kan dutse, aikin da yake cin ƙafafu, shi kuma nasa sun tsufa kamar namu. Duk mai ƙarfin yin gudun fanfalaki yana da ƙarfin wannan. A zo a taya shi, ba tare da an sa masa sharaɗi ko an tambaye shi komai ba.

Na gaya masa zan yi wannan kiran. Ya ce in sun zo, su tsaya inda aka tsayar da su, kuma kada wanda ya yi gudu, don tumaki ba sa son a bi su a guje.

Ina neman haɗin kan kowa da kowa a kan wannan al'amari, kuma ina gode wa duk wanda zai amsa. Ka gai da gida.

Ni ne amininka,
Cledwyn Pugh