Tunkiyar da Na Dawo da Ita

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hawwa, wadda ke kwance a maƙabartar garin Madani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, 'yarki Sa'adiya ce daga Gadarif, inda yaƙi ya jefo mu ni da jikarki Hiba, mai kiranki Habboba. Kin riga yaƙin tafiya, kin huta. Baban Hiba ya tsaya gadin gida, ya ce zai biyo mu. Har yau babu shi babu labarinsa. Kullum da la'asar yarinyar nan tana bakin ƙofar makarantar da aka sauke mu, tana leƙen motoci.

Inna, na gaji. Ba gajiyar kisrar dawa da nake toyawa ina sayarwa ba, wannan barci na maganinta. Wai ni da furfura ta fara leƙo ni, na shiga koyon rubuta littafin yara. Wata malama ce a Kano take koya mana ta waya, ran da aka kawo kahraba, wato lantarki, muka yi caji. Ta ce jimla gajera, hoto a kowane shafi, kuma yaron da ya ga tashin hankali kada a ƙara masa. Na riƙe wannan na ƙarshen kamar aya.

Labarinki na ɗauka, na yarinyar garin Showak da kogi ya tafi da tunkiyarta. Kina ba mu shi muna tsince tsakuwa daga riɗi, in hannunmu ya tsaya bakinki ya tsaya. Yarinyar ta bi gaɓa tana kira har muryarta ta dishe, ta koma gida da igiya kawai. Mu yi ta kuka, ke ko a jikinki. Ki ce, "Ku tsinci riɗinku, kogi ba ya amayo abin da ya ci."

To ni sarkin wayo sai na gyara miki. A nawa masunta sun tsamo tunkiyar, ta dawo gida har da ɗa.

Kada ki tambayi wahalar bugawa. Mai maktabar da ke kusa da kasuwar dawa ba ya buga komai sai takardun jarrabawa da katin biki. Ya jujjuya shafukan ya ce, Hausa da haruffan Larabci, wa zai saya? Na yi ta sintiri. Yau babu takarda, gobe babu wuta, jibi ya tafi Fashaga duba gonarsa. Da ƙyar na fito da 'yan kaɗan, na ɗinke su da zare da hannuna.

Wata Juma'a na tara yaran makarantar a rumfa na karanta musu. Suka bi labarin tiryan-tiryan har bakin kogi. Da tunkiya ta dawo, ko tafi babu. Hiba ta miƙe ta kakkaɓe rigarta, a gaban kowa ta ce, "Ba haka Habboba take faɗa ba. In dawowa da sauƙi haka, ki rubuta Baba ya dawo mana."

Ta daina yi mini magana, sai e da a'a. Tun zuwanmu nake ce mata hanya ce a rufe, babanta zai zo gobe, jibi. Ta haɗa littafina da waɗannan goben ta ajiye gefe guda. Inna, ita kaɗai ta rage mini, ga shi ta daina yarda da bakina. Wallahi na ji haushinki, na ce tsohuwar nan ta tafi ta bar ni da labarin da ba ya lanƙwasuwa.

Na zauna na sake rubutawa, na bar ƙarshen yadda kika bar shi. Na miƙa mata, na kuma faɗa mata abin da ban taɓa faɗa ba, cewa ban sani ba ko babanta yana raye. Ta yi kuka, na yi. Ban lallashe ta da komai ba, don ba ni da komai.

Washegari na tarar ta yi zane a bayan shafin ƙarshe. Yarinyar ce tana rataye igiya a jikin turke. Ta ce in sa shi a bangon littafin, wai yarinyar ba ta jefar da igiyar ba, amma ba ta koma bakin kogi ba.

Jiya da la'asar motoci suka yi ta wucewa. Hiba tana gefena tana miƙo mini ƙullun kisra, ba ta tashi ba.

Gobe zan koma wurin mai maktaba, ƙafafuna tuni sun fara ƙorafi. Inna tawa, ki yafe mini taɓa miki labari. Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Wanda muke jira kuma, in yana raye Allah ya nuna masa hanyar Gadarif, in yana wajenku ya sada ku da alheri. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Sa'adiya