Mijina ya cusa ƙazanta a manhajata, wani dattijo a Roni ke ɗaukar laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, dole sai na ɗan yi bayanin aikina kafin ku gane abin da ke tayar min da zuciya.

Ni matar aure ce a Kazaure, asalina 'yar Babura, kwamfuta na karanta. Tun ina makaranta abin da ke ci min rai shi ne ka ga yaro mai basira ya zo koyon rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, Turanci ya tare shi tun daga ƙofa. Shi ya sa na zauna na ƙirƙiri wani ɗan ƙaramin yaren kwamfuta da kalmominmu, yaro ya rubuta "idan", ya rubuta "maimaita", ya rubuta "zana", ya ga kwamfuta ta bi umarninsa. Ba wani gagarumin abu ba ne amma nawa ne, idona ya sha wuya a kansa. Maigidana shi ma wannan layin yake, a gari Injiniya ake ce masa, shi ke shiga ofis-ofis yana tallata abin, ni ina ɗaki ina rubutu. Wallahi ban taɓa damuwa da wanda ake yabo a cikinmu ba.

Duk mai wannan sana'ar ya san ba ka rubuta komai da hannunka. Akwai kod ɗin da wasu bayin Allah suka rubuta suka saki kyauta, laburare muke ce masa, kamar dai mai miya da ba ita ke haɗa daddawarta ba. Akwai wanda ke yin zane a fuskar kwamfuta, akwai wanda ke fito da haruffanmu masu lanƙwasa. A birni mutum jawo su yake yi daga intanet duk lokacin da zai haɗa manhajarsa, to mu nan wane sabis, je ka Gwiwa ka jira abu ya sauka ka gani. Sai na tattara su duka na zuba a folda ɗaya a cikin aikin, a kwafa a filash a kai ko'ina ba sai da data ba. Amma na kafa ƙa'ida, kowane laburare daga hannun masu shi zan ɗauko, a buɗe yadda zan iya karantawa, ni zan haɗa shi da kaina. Har na sa wani mai gadi a cikin kod ɗin, in aka sauya fayil ko ɗaya haɗin ya tsaya cak. Maigidana har tsokanata yake, wai na cika waswasi kamar mai maimaita alwala.

Mutum na farko da ya karɓi yaren nan wani dattijo ne a Roni, zan kira shi Malam Sale, ba sunansa ba ne. Tsohon malamin firamare ne, da ya yi ritaya ya buɗe shago da tsofaffin laftof yana koyar da yara. Gida-gida bawan Allan nan ya bi yana roƙon iyaye maza su bar 'ya'yansu mata su zo, da ƙyar aka ba shi. Mutum ne da in liman ba ya nan shi ake turawa gaba a masallacin unguwarsu. 'Yata yake ce min, kuma da na haihu har Babura matarsa ta zo da turmin atamfa da sabulu.

To ana nan sai laburaren zane ya fara ba ni matsala. Sabon da aka fitar ya ƙi haɗuwa sam a kan irin tsofaffin injinan Malam, na gyara nan can ya ɓalle, ero kan ero, injin sai nuna kuskure yake. Ga ni da tsohon ciki, ƙafa ta kumbura, ban gama ba haihuwa ta zo, aka tafi da ni gida wanka. Ina can maigidana ya kira ni yana dariya ya ce in kwantar da hankalina, ya gyara, komai ya haɗu lafiya lau, har ya hau acaɓa ya kai wa Malam filash ɗin ya zuba masa a duka injinan. Jama'a ku zo ku ga murna, har Ummata na cika wa baki, na ce ai mijin nan nawa kai gare shi. In na tuna wannan alfaharin yanzu ji nake kamar in wanke bakina da sabulu.

Ban gama wanka ba labari ya fara zuwa min sama-sama, wai an kama wani malamin kwamfuta a Roni yana nuna wa 'yan mata hotunan banza. Ban kawo Malam Sale a raina ba ko kaɗan. Ashe shi ne. Abin da ya faru, ya kunna musu intanet daga wayarsa, yarinya tana cikin aikinta sai ga hotunan mata tsirara da tallan caca sun cika mata fuskar kwamfuta. Yara suka sa ihu. Ya rufe, ya ba su haƙuri, bayan kwana biyu abin ya sake fitowa a wani injin daban. Shi ke nan gari ya ɗauka. Aka janye yaran kaf, aka daina tura shi gaba a masallaci, matarsa ta daina shiga biki da suna saboda kallon da ake mata.

Da na yi arba'in na dawo ɗakina, Malam ya zo da kansa da laftof ɗaya a cikin leda. A ƙofar gida ya tsaya, ya rame, riga na yawo a jikinsa. Ya ce, "'Yata, ni ban san abin da ya shiga injin nan ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban taɓa neman wannan abu ba. Ki duba min, ko zan samu abin da zan faɗa wa mutane." Na ce in sha Allahu Baba.

Na goge injin tas, na sa masa intanet, shiru, ba komai. Sai na zuba yarena, na rubuta "zana", na danna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da goyo a bayana na ga abin da yaran mutane suka gani, a cikin abin da na rubuta da hannuna don yara. Na buɗe foldar laburare, na tarar an cire na zanen da na ɗauko daga masu shi, an ajiye wani rufaffen fayil da ba a iya karanta cikinsa, mai gadin nan nawa kuma an kashe shi. Na cire fayil ɗin, ƙazantar ta tsaya, na mayar da shi, ta dawo. Kuma mu biyu ne kawai muke taɓa aikin nan a duniya.

Da maigidana ya dawo na nuna masa, bai yi musu ba. Ya ce ya yi fama abin ya ƙi, ga Malam na jira, sai ya samo haɗaɗɗen fayil a wani guruf na intanet da ake raba manhajojin sata, ya gwada ya ga yana zane lafiya, mai gadin ya hana shi wucewa sai ya kashe shi. Kun san me, wannan ɗin zan iya yafewa. Ganganci ne da son a ce ya iya, amma bai san abin da ke ciki ba. Abin da ya biyo baya ne ya sa na kasa haɗa ido da shi. Ya ce in gyara shiru, mu raba sabo mu ce ƙarin inganci ne, ba wanda zai sani. Gyaran kam na yi, na koma tsohon laburaren na ɗan yi masa kwaskwarima ya hau injinan, na aika a sauya duk inda tsohon filash ɗin ya je. Sai na ce to sunan Malam fa? Ya ce mutane mantuwa gare su, zai wuce. Na ce dattijon nan ba ya iya ɗaga kai a masallaci. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ke yanzu kin tabbata shi ma ba ya ɗan leƙawa? Tsofaffin nan fa ba ki san su ba." Tir! Mutumin da ka san sarai kai ka jefa shi a wannan hali, shi kake wa wannan zato don ka samu ka yi barci.

Kafin wani ya ce in nemo hanyar da ba sai na tona shi ba, na nema. Na ce masa mu je mu ce matsalar daga manhajarmu take, ba sai an ambaci wanda ya sa fayil ɗin ba, in ma suna ake so a ce ni ce, ni na ɗauka. Ya ƙi. Wai yana kan magana da manya a saka yaren a makarantun Gwiwa da Yankwashi, wa zai karɓi manhajar da aka ce ta nuna wa 'yan mata tsiraici? Na san gaskiya ya faɗa, ranar da maganar nan ta fita yaren nan ya mutu, ba uban da zai sake barin 'yarsa ta taɓa shi, kuma ni ce zan fi kowa jin zafin hakan. Amma na ce na yarda ya mutu. Sai ya ce bai ba ni izinin zuwa Roni ba, in kuma na sa ƙafa na tafi, to daga can in wuce Babura.

Na kira Umma na faɗa mata komai ina kuka. Ta ce in yi haƙuri, mace rufa wa mijinta asiri take yi, ga jaririya a hannu, in dinga sa Malam a addu'a Allah zai wanke shi. Na ce Umma, da a ce Abbanmu aka yi wa wannan ƙazafin, kuma wata mata tana zaune a Kazaure ta san gaskiya ta yi shiru, me za ki ce da ita? Sai ta ce in je in ba yarinya nono.

Tun daga ranar ba na iya cin abinci kwano ɗaya da shi. In na ga ya fesa turare ya gyara hula zai fita ana Injiniya Injiniya, tsigar jikina tashi take yi. Ko hannunsa ya taɓa ni wajen karɓar yarinya sai na ji kamar in je in wanke wurin. Ban taɓa zaton zan ji ƙyamar mutumin da na zaɓa da kaina haka ba, kuma ba na jin daɗin jin hakan, Allah ya sani.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, mai unguwarsu Malam ya kira zama ranar Asabar mai zuwa, da iyayen yaran da liman, a yanke ko a bar shi ya ci gaba ko a rufe shagon. Malam kuma saboda yarda ya roƙi maigidana ya zo ya yi wa mutane bayani, tunda shi ne masanin kwamfuta da kowa ke jin maganarsa. Kuma ya amsa zai je! Na tambaye shi me zai ce. Ya ce zai ce irin wannan abu yawanci ta shafukan da aka buɗe a kan injin yake shigowa, wai ai ba ƙarya ba ce, kuma shi bai kama sunan kowa ba. Ku duba fa jama'a, a gaban iyayen yara, a kan injinan da mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin shagon. Wace fassara za su yi wa wannan maganar?

Ɗazu Malam ya kira ni, muryarsa har ta ɗan saki. Ya ce, "'Yata, ki yi wa Injiniya godiya, Allah ya yi muku albarka ku da jaririyar. Tunda ya ce zai zo na samu na ci abinci." Na ce amin Baba, na kashe wayar, na rasa inda zan sa kaina.

Don Allah ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. In kira Malam in gaya masa komai kafin Asabar, alhali na san aurena zai iya ƙarewa a ranar, ga jaririyar da ko zama ba ta fara ba? Ko in kai maganar wajen yayan maigidana, duk da na san gidansu ba a ba mace gaskiya a kan ɗansu? Malamai na cikin zauren nan, hana ni fita da ya yi ya hau kaina alhali shaida ce a bakina, kuma mutuncin dattijo ne zai zube in na riƙe ta? Wa zan bi a nan?

Ya fitar da farar shaddarsa ya ce in goge masa, ita zai sa ranar zaman. Tana nan kan kujera tun safe, na kunna dutsen guga na kashe, wallahi hannuna ya ƙi taɓa ta.