Kada Ku Miƙa Makulli

Ni, Eufemia Tavarez, ina rubuta wannan da hannuna a teburin kicin ɗinmu na Bronx. Ƙafa ta ƙi, numfashi ya gajarta, amma hankalina garau yake. Mai shakka ya zo mu buga domino in cinye shi. Wilfredo, Yudelka, Nelsito, ku buɗe kunne.

Na ɗaya. Gidan nan haya ne, tun kuna rarrafe. Yana cikin waɗanda doka ta hana a ƙara wa kuɗi yadda aka ga dama, shi ya sa kamfanin da ya sayi ginin yake zaman jiran gawon shanu, ni ce kuma saniyar. To, sun makara. Tun da na faɗi a banɗaki Yudelka ta saki ɗakinta ta dawo nan da 'yarta. Lauyar ƙungiyar 'yan haya ta ce 'yar da ta daɗe haka tare da uwarta tana da haƙƙin ci gaba da hayar. Yudelka da jikata za su zauna, ba su da wani wurin.

Na biyu. Za a liƙa muku notis a ƙofa, wataƙila ma kafin a gama addu'ar kwana tara. Takarda ce kawai, ba alƙali ba ce, kuma ba mai fitar da ku sai kotu ta saurare ku. Na san halinmu: an gama addu'a, a raba kayan mamaci, a share, a goge, a kai wa mai kula da gini makulli har da godiya. Kunyar nan ce ta ci maƙwabciyata Chela. Na riƙe hannunta ina roƙo, ta ce, "Femia, ni ba za a watso mini katifa titi jama'a na kallo ba." Ba wanda ya kai ta ƙara. Ta wanke gidan tas ta tafi, yanzu a kujerar falon 'yar ƙanwarta take kwana. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bajram, mai kula da ginin, shi zai liƙa takardar. Ya riga ya ce mini, da sunan girmamawar da yake kira na, "Doña, ni ɗan aike ne, kada ki tsine mini." Kada ku zage shi. Ku ci gaba da aika masa abincin Kirsimeti, amma makulli ko na aro kada ya gani.

Na uku, kuɗin ajiyar da ubanku ya ba mai gida ranar da muka shigo. Wilfredo, ka sha ce mini, "Mami, ai wannan gadonmu ne." Naku ne, ban musa ba. Sai dai mai tashi ne yake neman a mayar masa da ajiya. Ranar da ka nema, ka faɗa musu da bakinka mun tashi. Ka bar shi inda yake. Na kuma san mutanen kamfanin sun kira ka sun yi maka tayin kuɗi in an ba su gidan babu kowa. Ban ga laifinka da ka saurara ba, tasin da kake ja ba ta kawowa kamar da, ga yara. Amma kuɗin zai ƙare kafin sanyi ya zagayo, 'yar'uwarka kuwa tana waje.

Na huɗu. Agogon ubanku na Wilfredo ne. Hotunan iyali na Nelsito ne. Babbar tukunya ba ta fita daga kicin ɗin nan.

Na biyar, shi ne ya fi yi mini nauyi. Wilfredo, ka ce wa Yudelka zaman banza take a wurina, tun ranar ba ku gaisa ba. Wadda ke yi mini wanka, tana juya ni a gado, ta wuce aiki ba ta runtsa ba. Ka ba ta haƙuri. Ke kuma Yudelka, ki karɓa, kada ki ja zance, na san bakinki irin nawa ne.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya haɗa kanku bayan raina. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ranar da Yudelka za ta tsaya gaban alƙali, ku maza biyu ku ajiye aiki ku raka ta. Tun tana ƙarama, in ta tsorata waiwaye take yi. Kada ta waiwaya ta ga benci babu kowa.