Titin da Ya Ƙare a Tagar Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da malamanka da ɗalibai, a wannan ƙauyen naku da waya ba ta shiga sai an hau tudu. Gara ma da ba ta shiga, don da a waya ne, yau da na yi maka rashin kunya.

Ka san aikin da Oga ya ɗora mini a ofishin tsara gari, wanda kake kira yawon banza da albashi. Muna auna yadda garin nan yake bajewa. Ba gidaje muke ƙirgawa ba, mararraba muke ƙirgawa: inda titi huɗu suka haɗu, inda uku, da layin da ba ya ɓullewa. A tsohon gari duk inda ka nufa za ka fita. A sababbin unguwanni kuwa kana hango asibiti da idonka, amma sai ka yi ta zagaye kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Jiya na shiga layin bayan firamare. Gida ɗari da arba'in ne a cikinsa, mafita ɗaya tal. Daga ƙarshen layin zuwa asibitin unguwa mita ɗari biyu ne, amma a ƙafa kilomita uku da rabi, ni na auna. Wata tela ta ce mini bara ƙanwarta ta haihu a cikin tasi a wannan zagayen, jaririn bai yi rai ba.

Na ce bari in ga marar tsoron Allahn da ya toshe hanya. Na bi layin ina ta zagi a raina. Sai ga bango, da 'yar taga, da labule ruwan ƙasa mai fararen ɗigo. Yaya, ni na sayi labulen nan! Ɗakin Mama ne. Shekara takwas ina shiga gidanka ta gaba, ban taɓa leƙa bayansa ba. Na zauna a kan bulo a gefen hanya.

Fom ɗin da zan miƙa ƙarshen wata yana da gurbin "dalilin toshewa". In na rubuta cin hanya, rusau ne, babu diyya. Ka gaya mini yadda aka yi shugaban makaranta, mai yi wa yara wa'azin gaskiya kowace safiya, ya gina wa uwarsa ɗaki a tsakiyar titi.

Ban faɗa wa Mama ba, ban faɗa wa Anti matarka ba. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same ni a ofis, na karanta ta sau uku a tsaye. Labarin jaririn ya girgiza ni, wallahi ban taɓa jin sa ba. Amma a bi abu daki-daki.

Na farko, ban ci hanyar kowa ba. Ofishinku ne ya ba ni filin, mai awonku ne ya kafa duwatsun iyaka, ban wuce su ko da taki ɗaya ba.

Na biyu, na yi tambaya a lokacin, domin na tarar da sawun mutane ya ratsa filin. Jami'in ya shimfiɗa mini taswira a tebur, ya nuna mini cewa titin a iyakata ya ƙare. Ya ce, "Malam, takarda ba ta ƙarya." Ga kwafinta nan a cikin ambulan, ki duba da idon masana.

Na uku, tun kina ƙarama bakinki yake riga tunaninki fita. "Marar tsoron Allah" da kika kira ni, na yafe. Sai dai ki tuna ɗakin nan ne kaɗai babu matakala, shi ne kaɗai Mama take iya zuwa bayi daga cikinsa ba tare da an riƙe ta ba. In aka rushe shi, ina za ki kai ta da gwiwoyin nan? Ɗakin hayarki na hawa na biyu?

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri, yau ba ni da bakin jera gaisuwa.

Na buɗe kwafin da ka aiko. A kusurwarsa an rubuta "shafi na bakwai", a ƙasa kuma ga sa hannun wanda ya zana. Na kalle shi na kalle shi, har mai share ofis ta tambaye ni ko an yi mini rasuwa. Sa hannuna ne.

Na sauka ɗakin ajiya, na sa aka zaro mini asalin zanen da shafi na bakwai da na takwas. A wancan lokacin da hannu ake kwafe babbar taswira, shafi-shafi. Ƙa'idar ita ce, in titi ya kai bakin takarda, sai ka bar layukansa biyu a buɗe, don mai shafi na gaba ya ɗora. Ni kuwa satina uku da fara koyon aiki, ga son a ce na iya tsabta. Na ga bakin titi a hangame, ya yi mini muni, na ɗauki rula na rufe shi. Layin da na ja bai kai tsawon farcena ba. Mai shafi na takwas ya ga titi ya ƙare, ya yanka fili a wurin, shi ne aka ba ka. Na ma tuna ranar, don Oga ya ɗaga shafina ya nuna wa kowa, ya ce haka ake aiki.

Ni ce marar tsoron Allahn, Yaya. Tun jiya in na rufe ido tasin nan nake gani.

Yanzu in na rubuta kuskuren ofis ne, za a tambayi na wa, ga sa hannuna nan kuwa ɓaro-ɓaro. Ɗakin zai tafi, a biya ka diyya, ni kuma in kwashe kayana. Na nuna wa Oga, ya rufe ƙofa ya ce, "Ke, ki bar kaza cikin gashinta. Rubuta cewa haka aka tsara layin, wa zai je ya duba?" In na bi tasa, Mama tana ɗakinta, ina kujerata, gida ɗari da arba'in kuma suna ci gaba da zagaye.

Ka yafe mini, kuma ka ce wani abu.

Auta

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Na ɗauki biro in rubuta na farko, na biyu, na rasa abin da zan jera.

Ban taɓa zaton zan faɗi haka ba, amma ki bi maganar Oganki. Ke yarinya ce a lokacin. Uwa ɗaya gare mu, aiki ɗaya gare ki. Na san abin da nake gaya wa yara da safe, kuma yau da na tsaya gabansu kunya ta hana ni ɗaga kai. Zan zo gida ranar Alhamis. Kada Mama ta ji.

Allah ya rufa mana asiri.

Yayanki

Auta,

Ina gaishe ki. Antinki ce take rubuta mini, don haka ba ƙari ba ragi.

Yayanki ya zo yana ta kauce wa idona, na matse shi ya faɗi. Shekara takwas ina jin babur da mota suna zuwa har ƙarƙashin tagata su tsaya, a ja tsaki, a juya. Ni kuma ina cewa Allah sarki, baƙo ya ɓata. Ashe ni ce kwance a kan hanyarsu.

An fitar da gadona falo. Ki rubuta abin da ya faru, da sunanki. In aikin ya tafi, ban haife ki da shi ba.

Birkila zai zo Asabar da gudumarsa. Yayanki ya ce a jira diyya tukuna, na ce shi ya jira. Ni ba zan ƙara kwana a kan hanyar mutane ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki